Kwaɗon da Gershon Ya Ƙera

Roseline ta tarar da Gershon a shagonsa na gyaran kwamfuta a Kafanchan, yana ɓarar gyaɗa, ƙafa ɗaya a kan benci. Ta ajiye wayarta a gabansa.

"Karanta."

Saƙon Milka ne, matar Obadiah. Ta rubuta wa Mama Angelina, matar Fasto, cewa an sallami maigidanta daga aiki tun kafin Ista, amma kullum yana saka kwat ya fita da safe don kada maƙwabta su gane. Tana roƙon addu'a, kuma kada kowa ya ji.

"To, me ya kawo shi wayarki?" in ji Gershon.

"Abin da na zo tambayarka ke nan. Yana wayata, yana wayar kowace mace a Zumuntar Mata."

Su biyu Ikilisiya ta ba aikin manhajar roƙon addu'a. Mace za ta rubuta damuwarta, saƙon ya kulle, Mama Angelina kaɗai ta iya buɗewa. Tun farko Roseline ta ce su ɗauki laburaren ɓoye saƙo da kowa ke amfani da shi, wato shiryayyen aikin da masana suka daɗe suna neman ɓarakarsa suna toshewa. Gershon ya ce a tsohon yaren kwamfuta aka rubuta wannan, shi kuwa sabon yare ya koyo a Jos. Ya sake rubuta komai da hannunsa. Ranar da aka sa wa manhajar albarka, har ya tashi cikin sujada ya ba da shaida. Sauran matan suna ɗari-ɗari, Milka ce ta fara yarda ta rubuta.

Roseline ta jawo kwamfutarsa tana bin abin da ya rubuta layi-layi.

"Ina ɓangaren da ke ƙera wa kowace waya mabuɗinta?"

"Wannan dogon surutun? Na cire shi, sista. Jinkiri kawai yake kawowa. Na saka wa duk wayoyin lamba ɗaya, shi ke nan."

"Wace lamba?"

"Shekarar da aka kafa Ikilisiya."

"Wadda aka buga a zanen Zumunta? Wadda kowace mace ke ɗaurawa a ƙugu?"

Ya yi dariya, ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Kar ki ɗaga hankali, ƙaramin kuskure ne, zan gyara. Amma tsakani da Allah, kin ga saurinsa? Kafin ki ƙifta ido saƙo ya isa."

"E, ya isa. Har kasuwa."

Ta dube shi, ga ɗan ɓawo manne a leɓensa. Ko sunan Milka bai ambata ba. Ta goge yatsunta a gefen siket.

Ranar ba ta bar shagon ba sai da ta cire aikinsa gaba ɗaya ta saka laburaren nan. Yana tsaye a bayanta yana gunaguni wai an mai da shi ɗan kwafi.

Daga nan ta hau acaɓa zuwa gidan Milka. Obadiah na zaune a gindin mangwaro da singileti, kwat ɗin na rataye a igiyar shanya. Wani dattijo ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Sannu, Oga. Ubangiji zai buɗe wata ƙofar." Obadiah bai ɗaga kai ba.

Milka ta fito daga kicin, idanunta a kumbure. Ba ta amsa gaisuwa ba, ta miƙo wayarta.

"Cire mini wannan ƙazantar."

"Anti, an gyara. Yanzu kam ba mai iya..."

"Na ce cire. Idan ina da magana da Ubangiji, na san inda gwiwoyina suke."

Roseline ta danna, manhajar ta ɓace. Milka ta karɓi wayar ta juya. Ta tsaya a igiya, ta sauke kwat ɗin mijinta, ta naɗe shi a hankali ta shige ɗaki.