Duwatsu Uku a Kan Anka

Shekara arba'in ina jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi, a lungun tekun bayan ƙauyenmu, jirgina bai taɓa gusawa ba. Tun da gwiwa ta fara ba ni wahala, sati uku a wata nake yi a birnin Busan wajen 'yata Hyesuk. Jirgin yana can shi kaɗai.

"Baba, ka kai shi tashar haya," in ji ta. "Akwai mai gadi, akwai katangar tare ruwa. Lokacin guguwa ya kusa."

"Tashar masu kuɗi? Ni na san inda nake jefa ƙarfena."

"In ya tsinke fa?"

Jirgin nan da hannuna na haɗa shi, ba ni da wani.

Da na koma tsibirinmu, ranar ruwa ya kwanta, na ɗauki akwatin leƙen ruwa mai gindin gilashi don in duba sarƙa. Sai na ga ankata a cuse ƙarƙashin wani falalen dutse, an jera mata duwatsu uku a kai, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Ni a kan yashi na jefa ta. Teku kuma ba ya jera duwatsu.

Na janye ta da ƙyar, na sake jefawa a yashi, na zauna a gaɓa ina gyaran raga. Kwana biyu ina zuwa. A na uku, da hantsi, na ji fiton da mata masu nutso neman abincin teku suke yi in sun ɗago kai. Okbun ce, matar marigayi Chilbok, ta haura saba'in. Ta nutse kusa da jirgina sau huɗu.

Na tare ta a kan duwatsu tana tuɓe gilashin ido.

"Maman Jinho, wa ya aike ki?"

"Kai, Mansik, ashe kana da ido? Shekara shida sai yau?"

"Ankata ba ta ja."

"Ba ta ja? Sau biyu na tsinto ta tana yawo kamar bugagge. Wurin da nake ɗibar kawa, katantanwar teku, yana bayan jirginka. In ta bi ta kansa, me zan ci, girman kanka?"

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"A faɗa maka? Kai?"

Ta matse gashinta. "Bana ne ƙarshe. Kunnena ya gaji. Bayan bikin kaka zan rataye kayan nutso."

Na tambaye ta yadda take ɗaga ƙarfe mai nauyin haka a ƙasan ruwa. Ta ce ba ta ɗagawa, jira take ruwa ya juya, sarƙa ta saki, sai ta tura da ƙafa. Ban san wannan ba.

Washegari na kai jirgin tasha. Igiyarsu ban yarda da ita ba, tawa na ɗaura.