Zaɓen Bokitai

Alhaji Cindo ya ci amanarmu, kuma zan faɗa ko gaban wa. Tsarin mulkin ƙungiyarmu ta masu kayan gwari ya ce shugaba shekara biyu yake yi, in an sake zaɓensa ya ƙara biyu, ya sauka. Cindo yana cikin ta tara. Da ya ji zan karanta wannan sashe a taron yau, sai ya aiko mini cewa in na buɗe baki in nemi wata rumfar. Rumfar nan ita ke ciyar da mutum takwas a gidana. Da wannan na kwanta jiya, na kuwa yi mafarki.

Na gan ni a wata kasuwa mai kama da tamu, sai dai tumatir ne ke zaune a kan benci, masu sayarwa suna cikin kwanduna. Ba wanda abin ya dama. A ƙofar ofishin ƙungiya wata ramammiyar dabba tana ɗaure a turke. Wata akuya mai tabarau tana teburin sakatare, tana tauna takardun koke.

Na ce, "Hajiya, wace dabba ce wannan?"

"Shekara ce, ta huɗu. Shugaba ya ɗaure ta kada ta wuce."

"Tun yaushe?"

"An yi shekara biyar. In ƙara ka kawo, kotu tana bayan buhunan albasa."

Sai ga ni a kotu. Alƙalin Cindo ne, da farar hula.

"Ƙarar wa ka kawo?"

"Taka, Alhaji."

"Ni alƙali ne. Bari in kira maka shi."

Ya cire farar hular ya sa ja, ya rantse bai yi komai ba. Ya mayar da farar, ya ce kotu ta gamsu. Ya sa wata baƙa, ya ce majalisa ta amince, ya tafa wa kansa. Duk wannan bai ɗaga daga kujera ba. Ita ke yawo da shi.

Ya ce, "Jatau, kai da ka koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci, kai za ka koya mini doka?"

Na ce, "Da furfura na koya, shi ya sa ban manta ba."

Filin zaɓe, rana tsaka. Irin zaɓenmu ake yi, kowa ya bi layi bayan wanda yake so. To amma mutanen garin sun saba da layin famfo, inda za ka ajiye bokiti ya riƙe maka wuri ka tafi sabgarka. Haka suka yi. Babu mutum ko ɗaya a filin, sai bokitai ɗari uku. Cindo ya yi fito, suka gangaro bayansa kamar kaji sun ga tsaba. Masu bokitan suna leƙe daga cikin kwanduna.

Na je na tsaya ɗaya gefen, ni kaɗai. Akuya ta zo ƙirga.

"Ina bokitinka?"

"Ni na zo da kaina."

Ta zagaye ni sau biyu tana shinshina. "Ba mu taɓa ƙirga mutum ba. Sai an duba tsarin mulki."

Ashe Cindo a kan tsarin mulkin yake zaune. Ya daɗe a kai har rubutun ya bar takarda ya koma bayan rigarsa.

Akuya ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan tashi in karanta."

"Ba na tashi ranar aiki." Ya juyo gare ni, ya nuna da baki. "Jatau, ga rumfarka can."

Na waiwaya. Rumfata ta yi ƙafafu, ta kama hanyar rafi da farantaina da komai. Na tuna yara, na tuna tukunya. Ban bi ta ba.

Na ce, "Ta tafi. Tashi a karanta."

Sai na ji tari a bayana. Inna Tabawa mai attarugu ce ta fito daga kwandonta tana kakkaɓe zane.

"Matsa gaba, ɗan nan, rana tana dukana."

Bayanta wani ya fito, sannan wani. Layi ya miƙe ya wuce buhunan albasa, ya karya kwana. Cindo ya ɗaga wuya bai hango ƙarshensa ba. Ya miƙe tsaye don ya gani.

Akuya ta gyara tabarau ta karanta daga bayansa: "Sashe na huɗu. Biyu da biyu, ya sauka. Sashe na biyar. Mutum ake ƙirgawa."

Kujera ta yi girgiza kamar jakin da aka sauke wa kaya, ta yi gaba abinta. Shekara ta huɗu ta tsinke igiya, sauran shekarun da suka taru a bayanta suka biyo ta a guje, suka bi ta kan bokitai, ƙwaram, ƙwaram.

Na buɗe ido. Famfon ƙofar gidanmu ne ya kawo ruwa, mata suna ta jan bokitai.

Na ɗauki kwafina na tsarin mulki na tafi taro. Na karanta sashe na huɗu a tsaye, da ƙarfi, har sau biyu. Na ce mai son a yi zaɓe ya tsaya bayana da ƙafarsa, kada ya aiko kowa. Inna Tabawa ce ta fara tasowa.

Mutum goma sha ɗaya suka tsaya bayan Cindo, huɗu surukansa ne, sauran duk suna bayana. Rumfata tana nan inda take. An tsige Cindo kafin azahar, an karɓe hatimi da makullin ofis, an hana shi takara shekara biyar.