'Yar Farin Dela

"Ba za ta shiga ba, Khala A'i. Halas."

Othman ya tokare ƙofar gidansu da kafaɗa, farar jallabiyarsa ta sha guga, yana kaɗa makullin motar kamfani a yatsa. Ni ina tsaye a rana, baƙuwar tana bayana, zufa na bin gadon bayana. Ni ke wankan gawar mata a layinmu na Nuzla a nan Jidda, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da uwarsa, Yaya Dela, tun yana yawo ba wando. Yaron da na sha goge wa majina, mai kirana Khala, wato gwaggo, shi ne yau yake ce mini halas, wai zance ya ƙare.

"Dubi fuskarta," na ce. "Ka duba da kyau, ai Allah Ya ba ka ido."

Matar ta janye mayafinta baya. Ta haura hamsin, doguwa, busasshiya, da zanen Gobirawa da ya tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, ga wani ɗan bille ƙarƙashin idon hagu, irin na Yaya Dela sak. Shi na gani da hantsin nan na saki mudun gyaɗar da nake aunawa a bakin layi. Tun da jirginsu na alhazai ya sauka take bin lungunan Nuzla da Sa'alaba, ba takarda, ba hoto. Duk tsohuwar da ta gani sai ta buɗe mata fuska ta ce, "Kin san mai irin wannan?" Sunanta Fatsuma. An yaye ta aka bar ta wurin kaka, iyayenta suka bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, a kan za su dawo. Tun da ta yi wayo take tare duk alhajin da ya komo ƙasar Gobir da tambaya. Wani ya ce ya gan su suna tsinkar auduga a Sudan, wani ya ce a Sawakin suna jiran jirgin ruwa, daga baya wani ya ce ubanta Malam Na'ibi ya rasu a Jidda yana sayar da ruwa, matar kuwa tana nan. Fatsuma ta sayar da shanunta ta biya kujera.

"Rabin tsofaffin Nuzla suna da zane," in ji Othman. "Kowace shekara haka ake yi, Khala. Mutum ya zo hajji, ya ji sunan ubanka a kasuwa, ya ce ɗan'uwanka ne. Ya shigo, jirgi ya tashi ya bar shi, ba iƙamar zaman ƙasa ba kafilin da zai tsaya masa, askarawa su zo su kwashe gidan duka. Kin manta gidan Yahya?"

Ban manta ba. Amma na san abin da ke cin sa. Da ƙyar ya samu takardar zama ɗan ƙasa, kuma a wurin aiki ba wanda ya taɓa jin Hausa a bakinsa. In abokansa suka zo shan shayi, sai ya sa a ja wa uwarsa labule.

"Ni ban zo zama ba," Fatsuma ta ce a hankali. "Ina da ɗiya da jikoki can gida. Gani kawai zan yi."

Bai ko kalle ta ba. Na ce to ga hanya mai sauƙi, uwarka tana da rai, shiga ka tambaye ta. Ya ce, "Ɗayyib, na yarda. Ke ki zo ki zama shaida. Ita ta tsaya nan."

Ɗakin Dela yana ƙarshen tsakar gida, fanka tana juyawa tana kaɗa zafi. Tun bayan azumi take kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Matar Othman, Mastura, tana zaune tana yi mata fifita da kwali. Othman ya durƙusa ya sumbaci goshin uwar, don gaskiya yana son ta, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

"Ummi," ya ce, "akwai wata a waje daga Nijeriya. Kina da 'ya mai suna Fatsuma?"

Na ga idon Dela ya buɗe. Na ga yatsunta sun damƙe zanin gado. Sai ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta juya fuskarta ga bango.

"Kin gani?" Othman ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ba ta san ta ba."

"Kai, 'yar fari ce!" na ce. "Wace uwa ce a ƙasarsu take kama sunan 'yar fari? Ko a hanya suka haɗu, kau da kai take yi. Kunya ce. Ka tambaye ta a gaban surukarta, me kake so ta ce?"

"Wannan camfi ne. Uwa ta ji kunyar 'yarta? In tata ce ta faɗa da bakinta. Yalla, Khala, ina da aiki."

Ni a Mai Wurno ta Sudan aka haife ni, amma uwata ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba, "wancan" take ce masa. Dela ma duk zaman da muka yi, in muna ɓarar gyaɗa hira ta yi nisa, sai ta ce "waccan da na bari", ta canja magana. Othman a Jidda ya buɗe ido, ya yi makarantar Larabci, yana zaton shi ne na fari. Ya fita ya ja ƙyaure, ya ce wa Mastura in ya ji ƙafar baƙuwa ta taka gidan, ita ma ta haɗa kayanta.

Na ja Fatsuma zuwa gidana ina huci. Na ba ta ruwa, na rasa ta inda zan fara.

"Mi ta ce?" ta tambaya.

"Ba ta ce komai ba. Ta juya wa bango fuska."

Na yi zaton za ta fashe da kuka. Sai ta ajiye kofin, ta dafe ƙirji, fuskarta ta washe. "Ta juya?" ta ce. "Alhamdulillahi. Ita ce."

Na ce mata ta bari motarsa ta bar layi, ni zan sa ƙafa in ɓalle ƙyauren, kowa ya yi abin da zai yi. Ta girgiza kai. Ba za ta kashe wa Mastura aure ba, kuma ba ta shiga gidan da mai shi ya hana. Ga shi motocinsu za su tashi zuwa Makka bayan la'asar, fasfonta yana hannun muɗawwafi, jagoran alhazansu. Abin da ta roƙa kawai in nuna mata inda ɗakin yake. Na kai ta bayan tukunyar ruwana, inda katangar ta haɗu da ɗakin Dela. Ta tuɓe takalma, ta durƙusa a ƙasa kamar a gaban mutum, ta ɗaga murya.

"Inna, ina wuni. Ya jiki? Mutanen gida suna gaishe ki. Kaka ta rasu da daɗewa, ba ta wahala ba. Tsamiyar ƙofar gida tana nan."

Daga can ciki muka ji tari, sau ɗaya, sannan ƙarar fanka. Fatsuma ta jira, ta miƙe ta sa takalmanta, ta ce in an sauko daga Arfa za ta dawo.

Kwanakin aikin hajji layinmu ya yi tsit, maza duk sun tafi neman abinci wurin alhazai. Kullum da hantsi nake shiga wurin Dela da kunu, kuma wallahi ita ma ban raga mata ba.

"Yaya Dela, kin ba ni haushi. Mace ta ƙetaro duniya, ke kina kallon bango. Nan Jidda ce. Wa ya san kunyarku a nan? Wa zai yi miki gori? Duk waɗanda za su yi miki dariya suna ƙarƙashin ƙasa."

"Muryar uwata gare ta," ta ce, idonta a rufe. Can ta ce, "Waccan ɗin, ta yi tsawo?"

"Ta fi ki."

"Tana da 'ya'ya?"

"Har da jikoki. Ki faɗi sunanta sau ɗaya a gaban ɗanki, shi ke nan."

"Bakina bai saba ba, A'i. Ko a zuci ban taɓa kira ba."

Amma ta gwada. Washegarin Sallah Othman ya shigo da magani da naman layya a leda, ina zaune. Ta kamo gefen rigarsa.

"Othman, baƙuwar nan. Ka bar ta ta shigo."

"Wace ce ita, Ummi?" ya ce da taushin murya. "Faɗa mini sunanta, in je Mina da kaina in ɗauko ta."

Leɓenta ya motsa. Na matso, ina ji kamar in sa hannu in zaro sunan daga maƙogwaronta. Ta buɗe baki, ta rufe, hawaye ya gangaro ya bi layin zanen nan har cikin kunnenta. Othman ya gyara mata matashi, ya ce ta huta. Da zai fita muka haɗa ido, shi ya fara kau da nasa. A nan na gane ya yarda da maganata tun ranar farko. Ya samu abu ɗaya da tsohuwar ba za ta iya ba, ya tsaya a kansa. Har gobe ban yafe masa wannan ba.

Dela ta cika da safe, ranar da motocin alhazai suka fara dawowa Jidda jiran jirgi. Mastura ce ta buga mini katanga. Na shiga na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na ce a ɗora ruwa. Sannan na yafa mayafi na tari tasi zuwa masaukin alhazai na kusa da filin jirgi. Mutane kwance ko'ina a tsakanin daro da jarkokin zamzam. Sai na ga kaina ina yin abin da ta yi, ina bin mata ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuska. A bakin famfo na same ta tana wanke zani. Da ta gan ni ta saki zanin cikin ruwa, ba sai da na yi magana ba.

Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a layi, maza sun zazzauna, Othman yana tsakiya idonsa jawur. Yana hango mu ya taso.

"Khala, na ce..."

"Ka ce, na ji. Gidanka ne. Amma wanka nawa ne, kuma ni ke zaɓen mai kama mini. In ba ta shiga ba, ni ma ban shiga ba. Ka je ka nemo mai wanka a wannan rana, ka gaya wa mutanen nan dalili, da Hausa ko da Larabci, wanda ka ga dama."

Wani tsoho ɗan Sakkwato da ke gefe ya dubi fuskar Fatsuma, ya dubi Othman, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Othman ya buɗe baki kamar yadda uwarsa ta buɗe, ya rufe. Ya matsa gefe.

Fatsuma ta tsaya a gabansa. "Sannu, ƙanena," ta ce. "Allah Ya ba mu haƙuri." Ta tuɓe takalma ta wuce.

Mastura ta riga ta haɗa ruwan magarya da kafur. Na ja labule, na rufe ƙofa. Dela tana kwance a kan katako, ta ƙanƙance, zani ya rufe ta daga ƙirji zuwa gwiwa. Na yaye ƙyallen da ke fuskarta. Fatsuma ta daɗe a tsaye. Mastura ta dubi wannan fuska, ta dubi waccan, ta toshe bakinta da mayafi.

Na ce Fatsuma ta zauna wajen kai. Muka yi mata alwala, muka fara da dama. Haushi yana cina, abin da bai taɓa faruwa da ni a kan gawa ba, har na yi ta istigfari a zuci. Fatsuma kuwa a natse take. Ta warware kitson furfurar, ta wanke, ta sake kitsawa. Da aka zo fuska ta ƙi karɓar ƙyalle. Ta tsoma yatsa a ruwan kafur tana bin zanen layi-layi, daga baki zuwa kunne, har ta zo kan ɗan billen ƙarƙashin ido ta tsaya.

"Inna," ta ce, "ni ce Fatsuma."

A waje wani ya yi gyaran murya, alamar azahar ta gabato. Na ce Mastura ta miƙo likkafani, na zare hannuna daga ƙarƙashin wuyan Dela don in karɓa. Kan ya gangara a hankali ta wajen dama, kuncin ya kwanta cikin tafin hannun Fatsuma. Ta bar hannun a wurin, ni ma na tsaya da likkafanin a kafaɗa, ruwa yana ɗiga daga katako zuwa cikin daro.