Naɗin Jumare

…to in ba ta mutu ba, me ya hana ta magana? Ga mita a cinyata. Na ɗora waya a naɗin farko, allura ta tashi: takwas. Na biyu ma takwas. Duka lafiya lau. Lasifika mai naɗi biyu, ɗaya nawa, ɗaya naka, Jumare, tun ranar da ta ƙone a kasuwar Makarfi muka zauna gindin tsamiya muka sake naɗa mata waya da hannu. Na haɗa su, na kunna inji, tsit. Takardar bakinta ko motsi ba ta yi, sai zafi a bayanta kamar goshin mai zazzaɓi…

Goshinka. A'a. Ba yanzu ba.

Masu lambar rigakafi za su Kurmin Kogi da la'asar. Cutar agana ta riga ta shiga can. Duba-gari ya ce, "Ashafa, in ba a ji kira daga kan mota ba, ba mai barin gona." 'Yarka Bilki tana can wurin kakarta, dantsenta ba lamba. Kai ma haka, sarkin taurin kai, wai sai an gama yankan dawa — sai ga ka a bukkar bayan gari, ana tura maka kunu da sanda, ni daga nesa ina kiran sunanka, fuskar da ta juyo ban san ta ba. Har yau tsoronta nake ji, wallahi.

Takwas. Takwas. Ƙaryar me mita za ta yi mini? Kai kake cewa ita dai ta san waya na da rai, ba ta san inda ta dosa ba. Dariya nake maka.

Tun rasuwarka ban buɗe akwatin nan ba sai yau. Damina ta cinye wayoyin, na yanke, na sa sababbi, ja da ja, baƙi da baƙi, yadda kowane mai hankali zai yi. Haɗin wayoyin da ma aikinka ne, ni ban taɓa leƙawa ba.

In cire naka? Nawa kaɗai zai yi magana, amma ƙasa-ƙasa, muryar ba za ta tsallake rafi ba. Kuma almakashi a kan abin da ya rage na hannunka? Ko hularka ban samu ba, an ƙone komai…

Batirin tocila. Bari in gani da ido. Na taɓa nawa: takarda ta yo waje, ɓuf. Na taɓa naka — ta koma ciki. Ciki? Sake. Ciki.

Innalillahi. Bahago!

Da hagu kake komai, abin da bulalar malam ta kasa raba ka da shi. Ina naɗawa dama, kana naɗawa hagu, muna fuskantar juna muna gardamar goro. Ashe shi ya sa kake gicciya wayoyinka, ba ka taɓa faɗa ba. Tun safe ina turawa kana ja, ina turawa kana ja, mu biyu cikin akwati ɗaya, ba wanda ya ji mu.

Ga ƙahon mota a ƙofa. Inuwa ta karkata. Na gicciya su, saura liƙi da dalma. Na ɗauki ƙarfen liƙin da dama… Na mayar da ƙarfen hannun hagu.

Jumare, yaya kake riƙe shi ne?