Gyaran Malam Gwadabe

Malam Gwadabe yana cikin goge allo a zaurensa da ke Zaitawa, sai maƙwabcinsa Ilu mai wankin hula ya faɗo, ko sallama bai ƙarasa ba ya miƙa masa waya.

"Malam, kalli ɗan gidanka. Duk gari shi ake kallo."

Abdulhakeem ne, wanda ya koyi ABC a kan bencin zauren nan. Ga shi yanzu cikin farar shadda yana koyar da Turanci a bidiyo. "Noun shi ne maigida," in ji shi, "verb aikin da yake yi, adjective kuwa rigar da ya sa."

 Wannan misali na Malam Gwadabe ne. Shi ya ƙago shi tun yana koyarwa a firamare, kafin ya yi ritaya ya buɗe lesin a gida. A ƙasan bidiyon jama'a sai addu'a suke zubawa, wai ba su taɓa gane Turanci ba sai a bakin yaron. Shi kuwa Malam nan, benci ɗaya ma ba ya cika. Ko jiya sai da matarsa Uwa ta ce gara a rufe lesin ɗin ya huta.

"Ya ambaci sunana?"

"Ban ji ba," in ji Ilu. "Amma fa yaron ya iya, wallahi."

Malam ya zauna ya yi ta maimaita bidiyon, ba don ya ji daɗi ba. Can wajen ƙarshe ya sami abin da yake nema. Abdulhakeem ya ce duk kalmar da ta ƙare da "ly" adverb ce.

Ya ɗauko tasa wayar, ya gyara tabarau, ya shiga rubutu a ƙasan bidiyon da yatsa ɗaya: "Friendly fa? Lovely fa? Waɗannan adjective ne. A koma aji a ƙarasa karatu kafin a ɓatar da 'ya'yan mutane."

"Haba Malam," in ji Ilu. "Da ka kira shi ka gaya masa tsakaninku."

"A gaban jama'a ya yi kuskure."

Ya tura.

Da rana Uwa ta kawo masa abinci, ya ci loma kaɗan ya ture. Jira yake yaron ya yi musu. Har ya tanadi amsoshi, kowace ta fi wata zafi.

Bayan azahar Ilu ya sake shigowa da gudu. Sabon bidiyo ne. Abdulhakeem ya sunkuyar da kai.

"Jama'a, na yi kuskure, kuma malamina ya gyara min. Malam Gwadabe na Zaitawa. Misalin maigida da riga ma nasa ne. Duk mai son Turanci na gaskiya, ya je zaurensa bayan la'asar."

Malam ya miƙa wa Ilu wayar. Da yaron ya zage shi, da ya san yadda zai yi. To har ladabin ma an fi shi, kuma dubban mutane sun gani.

Da ya dawo daga masallaci bayan la'asar, takalma ya tarar har bakin lungu. Zaure ya cika, wasu a tsaye. Uwa ta aiko da tabarmi daga cikin gida. Ya ɗauki alli, ya rubuta NOUN da manyan baƙaƙe. Muryarsa ta dā ta dawo masa.

"Noun shi ne maigida."

Wani magidanci a layin gaba ya ɗaga hannu.

"Wannan mun ji shi a wajen Malam Abdulhakeem. Don Allah Baba, shi yaushe zai iso?"

Malam Gwadabe ya dubi fuskokin. Duk ƙofa suke kallo.

"Ba ya zuwa," ya ce a hankali.

Wasu daga baya suka fara laluben takalmansu. Ya juya ga allo, ya rubuta VERB, ya ɗaga murya don waɗanda suka rage.