Igiyar Maɓalli

Kai da katangarka ke jingine da tasu, ka ji kukan kwikwiyon nan. Ƙara muryar rediyo ka yi.

Goggo tela ce, tana zaune a gidan ɗan wanta, mai shagon taya. Da ya sayo kwikwiyo don gadi, ita ta raɗa masa suna Maɓalli, saboda idanunsa. Ta tsince ragowar ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki, ta kitsa igiya mai ƙulli biyu. Ta kama ƙulli ɗaya, ya cafki ɗaya, su yi ta ja yana gurnani kamar wani ƙato. Can sai ta tsaya cak.

"Saki."

Yana saki za ta mayar masa da igiyar, wasa ya ci gaba. Ladansa ke nan. Kafin haƙoransa na nono su zube, ko ƙashi ne a bakinsa, kalmar nan ta isa.

Wata rana mai taya ya tarar da su.

"Goggo, kare na sayo ko 'yar tsana?"

"Karatu muke yi, ɗana. Kai ma da wasa na koya maka ɗaure takalmi."

"Ni mai riƙewa nake so. Wannan ai ɓarawo ma zai ce masa saki."

"Ranar da ya riƙe abin da ba ka so fa?"

Dariya ya yi. Ya cinna wa igiyar wuta, ya ɗaure Maɓalli da sarƙa a bayan tarin tayoyi. Ya fara nasa karatun: ya miƙa masa tsohon buhu, in ya riƙe a ba shi abinci, in ya saki ya sha bulalar roba. Da Goggo ta yi magana, ya nuna mata kekenta, ya nuna mata ƙofa. Ba ta da wurin zuwa. Ta koma kan ɗinkinta.

Maɓalli ya girma. Wata azahar sarƙar ta sarƙe masa wuya, mai taya ya kai hannu zai warware, karen ya cafke wuyan hannunsa.

"Saki! Saki mana! Goggo, ki ce masa ya saki!"

Ta fito da gudu, ta durƙusa.

"Maɓalli," ta ce a hankali. "Saki."

Kunnuwansa suka motsa. Wutsiyarsa ta kaɗa sau ɗaya. Ya ɗaga ido ya dubi hannuwanta. Babu komai a ciki. Sai ya ƙara datsewa.

A ranar ka san hanyar gidan. Kai ka shigo da katakon da ya kashe Maɓalli.

Yanzu mai taya na yawo da hannu a naɗe, yana cewa irin karen ne ba shi da kyau. Ya sayo wani kwikwiyon, kuma sarƙar ba ta canja ba. Goggo ta kitsa sabuwar igiya, tana ɓoye a aljihun keke.

Ga kukan nan ya fara. Kashe rediyon. Tashi ka buga musu ƙofa.