Ranar da Marlys Ta Rufe Ido

Shekara talatin da takwas ke nan Marlys Tollefson ba ta iya ganin rubutu ta yi shiru. Duk abin da idonta ya sauka a kai, sai bakinta ya faɗe shi: allon bakin hanya, sunan da ke jikin motar madara, har rubutun bayan rigar wanda ya zauna gabansu a coci. Ta fara ne a shekarar da tiyon ruwan taki ya fashe a gona, ya watsu a fuskar mijinta Orval, ya tafi da idanunsa duka biyu. Tun tana yi da niyya har abin ya zame mata kamar numfashi.

Da safiyar Talatar zaɓe, tana tuƙa su zuwa zauren taro na garin Halvor Lake, ta karanta masa alluna uku kafin su wuce gada.

"A sake zaɓen Wendell Brekke. Ana sayar da itace. A sake zaɓen Wendell Brekke."

"Ƙaninki ya fi itacen yawa a hanyar nan," in ji Orval.

"Ka bar shi ya sha iska."

"Marlys, yau dai idan mun shiga, ki ba bakin nan hutu. Minti ashirin kacal nake roƙo."

"Wai ni ce mai surutu?"

"Ke ce rediyon da ba shi da maɓallin kashewa."

Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Tun shekarar da ya makance, ita ke shiga rumfar zaɓe tare da shi. Ta karanta sunaye, ya raɗa mata wanda yake so, ta cike masa da'irar da biro. Raɗar Orval kuwa irin ta mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injin yankan itace ce, har na bakin ƙofa suna ji. Kuma shekara ashirin ke nan ƙaninta Wendell yana tsayawa takarar kwamishinan gunduma. Duk sanda suka iso wurin, Orval yakan ɗan yi jim, sannan ya ce "Wendell" da muryar mai haɗiyar magani. Ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta dai san cewa mutum ba zai iya ƙin surukinsa a kunnen yayar surukin ba.

Bana doka ta sauya abin. Majalisar ƙasa ta ce dole kowace rumfar zaɓe ta sami na'urar da makaho zai iya jefa ƙuri'a da ita shi kaɗai, a asirce, kamar kowa. Orval ya ji labarin a kaset ɗin da ƙungiyar makafi ke aiko masa, ya saurara sau huɗu. Da bazara, a bajekolin gunduma, ya sami inda aka ajiye irinta don gwaji, ya zauna a gabanta har masu wurin suka fara naɗe tebura. Tun daga ranar yake lissafin kwanaki. Yau ma da rigar zuwa coci ya fito.

Zauren cike yake da manoma masu jiran layi, takalmansu na zubar da narkakkiyar ƙanƙara a kan katako. Ƙamshin kofi da na burodin kirfa ya cika ko'ina. Ardis Moen, shugabar malaman zaɓe, wadda suka yi aji ɗaya da Marlys tun firamare, ta ɗago daga littafin sunaye.

"Ga amarya da ango! Orval, wa ya mutu ka sha ado haka?"

"Babu wanda ya mutu tukuna, Ardis. Ina na'urata?"

Ardis ta dubi Marlys, ta kau da ido. Marlys ta bi idonta zuwa lungu. Na'urar tana can, ƙatuwa, ruwan toka, an lulluɓe ta da mayafin tebur mai furanni, an jera faranti biyu na burodi a kanta.

"Ka ga, Orval," in ji Ardis, ta rage murya, "soket ɗin lantarki ɗaya ne ke aiki a bangon nan, kuma tukunyar kofi ke kai. Ni kuma, gaskiyar magana, sau ɗaya aka nuna mini yadda ake kunna ta, tun watan Agusta. Ga layi har waje. Marlys ta shiga da kai kamar kullum mana, minti biyar kun gama. Ba haka ba, Marlys?"

Marlys ba mai musu ba ce a cikin mutane. Bakinta ya riga ya shirya cewa "to". Akwai ma wani ɓangare na zuciyarta da ya ji sanyi, don rumfar nan wuri ne da aka saba buƙatarta. Sai ta ji yatsun Orval a gwiwar hannunta, inda suke kwana suna tashi shekara da shekaru. Bai matsa ba. Yatsun ne kawai suka saki, kamar na wanda ya riga ya haƙura.

"A'a," in ji Marlys. Muryar ta fito da ƙarfin da ya ba ta kunya. "A cire kofin."

"Marlys!"

"Doka ce, Ardis. Ba ni na rubuta ta ba. A cire kofin."

Wani daga layi ya ce, "Wayyo, yau gwamnati ta taɓa mana kofi. An gama da ƙasar nan." Aka yi dariya. Ardis ta ja numfashi, ta tashi ta kwashe farantan da kanta, ta zare filogin tukunyar. Ta lalubo ɗan makulli a cikin ambulan, ta tsaya tana jujjuya shi a gaban na'urar.

"Matso nan in nuna miki," in ji Orval. Ya jingine farar sandarsa, ya bi gefen na'urar da tafin hannu, yadda yake wa injin da aka kawo masa gyara. "Ga ramin makullin nan ta hagu, ƙasa kaɗan. Murɗa sau ɗaya, kada ki kai biyu. Yawwa. Kin ji ta farka?"

Allon ya kawo haske. Ardis ta ba shi takardar ƙuri'a, doguwa mai rubutu gaba da baya, ya zura ta a bakin na'urar, ta haɗiye. Ya zauna, ya sa abin saurare a kunnuwansa, ya shafa madannan da ke da ɗigo-ɗigon rubutun makafi. Sai ya danna ɗaya daga can sama, wanda ke rufe allon daga idon kowa.

Allon ya yi baƙi ƙirin.

Marlys ta ji kamar an rufe mata ƙofa a hankali. Tana tsaye taku huɗu daga gare shi, hannunta na dama a lanƙwashe kamar har yanzu yana riƙe da shi. Babu abin karantawa. Muryar da ke magana da Orval tana cikin kunnensa, ba wanda ke jinta sai shi.

Ta tsaya tana kallon mijinta kamar baƙo. Ya karkata kai gefe ɗaya, ya ɗan buɗe baki. Yatsansa ya danna, ya tsaya, ya koma baya, ya sake saurare. Ba ya sauri. Ta tuna yadda takan yi idan sun kai bayan takardar, wurin alƙalai da masu kula da ƙasa da ruwa: "Waɗannan ba wanda ya san su, mu wuce?" Shi kuma ya ce, "Mu wuce," don ya san ƙafarta na ciwo kuma mutane na jira. Yau babu abin da ya wuce. Sau ɗaya ya yi murmushi shi kaɗai, ba ta san dalili ba. A wani wuri kuma ya ɗauke hannu gaba ɗaya, ya ɗora a cinya, ya zauna shiru har ta ƙirga numfashinsa bakwai. Zuciyarta ta ce mata nan ne wurin Wendell. Amma ba ta sani ba, kuma babu hanyar da za ta sani.

Abin ya cika ta da wani irin mamaki mai nauyi. Wasu mutane da ba ta taɓa gani ba, masu keken guragu da masu sanda irin tasa, sun yi shekaru suna kai da kawo a birane masu nisa, suna zama a ƙofar ofisoshi, suna maimaita magana ɗaya har aka rubuta ta ta zama doka. Rubutun nan ya taso tun daga can, ya ratsa gonakin masara da dazuzzuka, ya shigo wannan ɗan zaure mai soket ɗaya, ya sa an cire kofi saboda Orval Tollefson mai gyaran inji. Hayaniyar layin ma ta kwanta. Mutanen da suka san shi tun yana da ido suna satar kallonsa, wasu sun cire hula ba su san sun cire ba.

Bayan kusan rabin sa'a, na'urar ta yi ƙara ta fara turo takardar waje. A nan ne aka ga abin da Ardis ta manta: kwalin da ake saƙalawa a bakin na'urar don ya rufe takardar yana can kan tebur. Orval ya miƙa hannu, a daidai lokacin wani ya buɗo ƙofar waje, iska ta shigo. Takardar ta zame daga yatsunsa, ta yi lilo, ta sauka a kan katako, rubutu a sama, kusa da takalmin Marlys.

Kanta ya riga ya fara sunkuyawa. Ta ga farin takarda, ta ga layukan baƙi, ta ji leɓɓanta suna buɗewa da kansu.

Ta runtse ido da ƙarfi, ta ɗora tafin hannu a kai.

"Kada wanda ya duba!" ta ce. "Kowa ya juya bango. Ardis, har da ke."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ta ji takalma masu nauyi suna juyawa, ɗaya bayan ɗaya, wani ya ja kujera. Mutum talatin da wani abu sun ba mijinta baya.

"Marlys," in ji Orval a hankali, "ta ina ta faɗi?"

Duk rayuwarsu amsar wannan tambayar a bakinta take: hagunka, gabanka kaɗan, taku biyu. Yanzu sai ta buɗe ido za ta iya faɗa daidai, idan kuma ta buɗe, za ta karanta.

"Kusa da ƙafata," ta ce. "Ban san ta wane gefe ba. Idona a rufe yake, tsoho. Bi muryata."

Ta ji gwiwoyinsa sun yi ƙara da ya durƙusa. Ta ji tafin hannunsa yana sharar katako, a hankali, da'ira bayan da'ira. A cikin duhun da ta sa kanta, ta ji abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba: tukunyar kofi tana ƙas-ƙas tana hucewa, agogon bango, numfashin wani mai mura, ɗigar ruwa daga rufi. Nan yake zaune, ta ce a ranta, shekara talatin da takwas nan yake zaune. Hannunsa ya taɓa takalminta, ya ɗan matsa shi kamar gaisuwa, ya wuce. Sai ƙarar takarda.

"Na same ta. Ardis, miƙo kwalin ta baya, kada ki waiwayo, na san halinki."

"Allah ya shirye ka, Orval," in ji Ardis.

Marlys ba ta buɗe ido ba sai da ta ji sandarsa tana ƙwanƙwasa hanya zuwa akwatin zaɓe, ta ji akwatin ya ja takardar ya yi ɗan kukansa. Da ta buɗe, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar zauren, rigar cocinsa da ƙura a gwiwa, fuskarsa kamar ta ranar da aka ɗora masa 'yarsu ta fari a hannu. Ardis ta zo ta manna masa 'yar takardar nan ta shaidar jefa ƙuri'a a ƙirji, ta manna ta a karkace.

"To jama'a," in ji Orval, "a mayar wa mutane kofinsu."

Marlys ta shiga rumfa ta yi nata zaɓen, karo na farko tun makancewarsa da ta riƙe takarda ɗaya tak.

A wurin ajiye motoci suka ci karo da Wendell, ya fito daga motarsa yana gyara hula.

"Surukina na kaina! An ce yau da kanka ka yi. Ina fata na'urar ta iya faɗin sunana daidai?"

"Ta faɗa daidai, Wendell. Har sau biyu na sa ta maimaita."

"Sannan?"

"Sannan na danna abin da na danna. Gaida matarka Carol."

Sun yi nisa da gari kafin Marlys ta lura ba ta karanta ko allo ɗaya ba. Tambayar wanda ya zaɓa tana nan a bakinta, ta juya ta, ta sake juyawa, ta haɗiye. Orval ne ya yi magana, fuskarsa na fuskantar taga.

"Ke fa? Shekara ashirin kina jin tawa ƙuri'ar a kan Wendell. Ni ban taɓa jin taki ba."

Marlys ta tuna kwalbatin hanyarsu da Wendell ya yi alkawarin gyarawa tun 'yarsu na makarantar sakandare. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Asiri ne," ta ce.

Orval ya yi dariya har da tari. Da ya lafa, ya lalubo gwiwar hannunta ya riƙe.

"Hanyar ta yi shiru da yawa. Kunna rediyon."

"Ana sayar da itace," in ji Marlys.